AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ƙanƙancewar Wani Sashe Na Ƙwaƙwalwa Da Makomar Mai Taɓin Hankali

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, a ƙasar Katsina. Ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu, mun kuwa sakaya. Ya ce ɗansa mai shekara 22, wanda ke riƙe masa awo a kasuwa, ya sauya tun bayan kakar bara. Ya daina zama cikin mutane, yana magana shi kaɗai, yana cewa 'yan kasuwa sun haɗa masa kai, har yakan ce in ana magana a rediyo da shi ake. An yi wata shida ana na gida, sa'an nan aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon da ake kira sikizofiriniya ne, aka ɗora shi a kan magani. Yanzu wata biyu ke nan, ya soma samun barci, surutan sun ragu. To sai wani ɗan ƙanensa da ke karatu a birni ya zo hutu, ya ce ya karanta cewa a wannan ciwo akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke motsewa, in ya motse kuwa shi ke nan, saboda haka ko dai a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaron a san matsayi, ko kuwa a daina zubar da kuɗi a magani. Malamin yana tambaya: gaskiya ne? Ya sayar da ɗaya daga cikin shanunsa na huɗa a ɗauki hoton? Kuma yaron zai dawo daidai?

AMSA: To Malam, da farko muna yi maka jaje, Allah ya ba yaron lafiya. Kada kuma ka ga kamar gidanka kaɗai abin ya faɗa wa. A shekarar 1908 wani likita ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Eugen Bleuler ya raɗa wa ciwon wannan suna, kuma tun daga lokacin ba a sami wata ƙasa ko ƙabila da ba ta da shi ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 24, watau mutum ɗaya cikin kowane 300. Garin da ke da mutum dubu uku ke nan, za a iya samun kimanin goma. Ya fi kama mutum tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara talatin, maza kuma yakan riga kama su da 'yan shekaru kafin mata.

Ɗan ƙanenka bai yi ƙarya ba, ya karanto gaskiya, sai dai rabinta ya kawo maka. Bari mu bi abin daki-daki.

Sashen da yake nufi likitoci na kiransa hifokamfas. Ɗora yatsanka a saman kunnenka kaɗan, ta wajen gaba. To can ciki, ƙarƙashin wannan wuri, yake kwance, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsawonsa bai wuce na ƙaramin yatsanka ba, kuma da za a auna shi da cokali, ko ƙaramin cokalin shayi ba zai cika ba, alhali ƙwaƙwalwar baligi gaba ɗaya ta haura kilo ɗaya. Wani likita ɗan Italiya mai suna Aranzi ne ya ba shi wannan suna a 1587, domin ya ga ya yi kama da wani ɗan kifi da ake ce wa dokin teku, mai kai irin na doki da wutsiya a nannaɗe. Mu da ba mu da teku, kwatancen da likitocin Faransa suka yi daga baya ya fi yi mana daidai: suka ce lanƙwasarsa irin ta ƙahon rago ce.

Aikinsa fa? Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar babban sito. Hifokamfas shi ne akawun da ke zaune bakin ƙofa da littafi, duk abin da ya shigo yau ya rubuta shi, ya ce ga ranar da ya zo, ga wanda ya kawo, ga inda aka ajiye. An gane haka ta hanya mai ban tausayi. A 1953, a garin Hartford na Amurka, aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison aiki saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa mafi yawan wannan sashe dama da hagu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar nan har ya rasu a 2008, sabon abu ba ya zama a kansa. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya lau, amma in ka gaisa da shi ka fita ka dawo bayan ɗan lokaci, sai ka sake gabatar da kanka. Tsohon kaya na nan a sito, akawun ne babu.

Shi ne kuma ke riƙe taswirar wurare. Mai fatauci da ya san kowace kwana tsakanin garinsu da kasuwanni bakwai na mako, da wannan ɗan sashe yake aiki. Akwai wani aikin nasa na uku, wanda shi ya fi shafar maganarmu: shi ke duba littafi ya ce wannan abu mun saba da shi, ba komi, wancan kuwa sabo ne, a lura.

Yanzu sai batun ciwon. Shekaru da dama ana gardama ko akwai wani abu da ido zai iya gani a ƙwaƙwalwar masu sikizofiriniya. A 1976 likitoci a Landan suka ɗauki hoton kawunan wasu marasa lafiya da na'urar Si-Ti, wadda a lokacin sabuwa ce, suka ga kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi na masu lafiya faɗi. Da na'urar Em-Ar-Ai ta zo, mai aiki da mayen ƙarfe, wadda hotonta ya fi fitowa tar, sai aka iya auna ƙananan sassa. Binciken da ni ya fi burge ni shi ne na 1990 a Amurka. Aka nemo tagwaye guda 15, watau mutum 30, irin masu kama kamar an tsaga kara, waɗanda ɗaya na da ciwon ɗaya ba shi da shi. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciki ɗaya, gado ɗaya. Da aka auna, a cikin 14 daga 15 ɗin nan hifokamfas na hagu na marar lafiyar ya fi na ɗan'uwansa ƙanƙanta, na dama kuma a cikin 13. Ka ga wannan ya nuna abu biyu a lokaci guda. Ciwon yana da gurbi a jiki kamar kowane ciwo, sa'an nan gado kaɗai bai isa ya kawo shi ba, domin da ya isa, da Hasan da Husaini duk sun kamu.

To nawa ne ragin? Nan ne maganar ɗan ƙanenka ta soma rauni. A 1998 aka tattara bincike 18 aka yi lissafi, aka sami ragin kimanin kashi 4 cikin 100. A 2016 cibiyoyi 15 na ƙasashe daban-daban suka haɗa hotunan marasa lafiya 2,028 da masu lafiya 2,540, lissafi ya sake faɗowa wajen kashi 4, kuma a cikin sassan can cikin ƙwaƙwalwa da suka auna, hifokamfas ne ya fi nuna bambanci. Wasu lissafe-lissafen da aka yi a kan waɗanda ciwon ya kama karo na farko sun kai kashi 8. Kai mai awo ne, Malam. Buhu mai tiya 40, in aka rage kashi 4 cikin 100, tiya ɗaya da rabi aka ɗebe da ɗan ɗoriya. Kashi 8 kuwa tiya uku ne da kaɗan. Ragi ne, ba wanda zai ce ba ragi ba ne, amma buhu na nan tsaye.

Sa'an nan wannan adadi irin lissafin nan ne da muke koya wa 'yan aji biyar, a tara a raba. Misali a auna tsawon mazan ƙauyuka biyu, a tarar na ƙauyen gabas sun fi na yamma da faɗin yatsa biyu in an tara an raba. Gaskiya ne. Amma in aka tsayar maka da mutum ɗaya a tasha aka ce faɗi ƙauyensu daga tsawonsa, ba ka iyawa, domin a gabas akwai gajeru, a yamma akwai dogaye. Haka abin yake a nan. Masu lafiya su kansu sun bambanta a girman wannan sashe fiye da tiya ɗaya da rabin nan. Akwai mai ciwon da nasa ya fi na likitan da ke duba shi girma, akwai kuma wanda nasa ƙarami ne ya tsufa ya mutu hankalinsa garau. Bugu da ƙari, ba wannan ciwo kaɗai ke rage shi ba. Ana ganin haka a farfaɗiya, da ciwon baƙin ciki mai daɗewa, da yawan shan giya, da ciwon mantuwar tsufa.

Tambayar da masana suka fi shan wahala a kanta ita ce: yaushe ragin ke faruwa? Tun haihuwa ne, ko lokacin da ciwon ya taso, ko kuwa a hankali yake ci kamar gara?

Akwai alamar cewa wani ɓangare tun daga farko ne. An daɗe da sanin cewa wannan sashe ba ya jure ƙarancin iska, kuma bincike a ƙasashen Turai ta Arewa ya nuna marasa lafiyar da suka sha wuya wajen haihuwa, irin doguwar naƙuda da jariri ke fitowa a galabaice, nasu ya fi ƙanƙanta. Ana ma ganin ɗan ragi a wasu 'yan'uwan marasa lafiya waɗanda su lafiyarsu ƙalau. An kuma same shi a mutanen da ba su taɓa shan ƙwayar maganin ko ɗaya ba, saboda haka ba za a ɗora wa magani laifin fara shi ba.

Amma akwai alamar cewa wani ɓangaren yana faruwa ne daidai lokacin da ciwon ke tasowa. A 2006 likitoci a birnin Malbon na Ostareliya suka kwatanta rukuni-rukuni. Samarin da suka soma nuna 'yan alamu amma ciwon bai bayyana ba, nasu daidai yake da na kowa. Waɗanda ciwon ya kama karo na farko, na hagu ya ragu. Waɗanda suka daɗe da shi, dama da hagu. A 2013 kuma masana a Jami'ar Kolambiya ta Niyok suka bi samari 25 masu irin waɗancan alamu na farko, 10 daga cikinsu ciwon ya bayyana gare su. Abin da suka gani shi ne, kafin sashen ya ragu, sai da gabansa ya fara aiki fiye da kima, yana jan jini kamar injin da aka taka wa totur aka bari. Zafin aiki ya riga, raguwa ta biyo baya.

Wannan ya dace da abin da aka gani a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu. A ciwon mantuwar tsufa ƙwayoyin jijiya mutuwa suke yi da yawa. A sikizofiriniya da aka ƙirga manyan ƙwayoyin hifokamfas, jimillarsu ba ta nuna irin wannan asara ba. Inda aka ga rauni shi ne a wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu taka birki ne. Ka riƙe wannan da kyau, Malam: ƙwaƙwalwar ɗanka ba ruɓewa take yi ba.

Daga nan ne masana da yawa ke fassara abin da kuke gani a gida. Akawun nan da ya kamata ya ce wannan mun saba da shi, birkinsa ya yi sanyi, sai ya dinga buga ƙararrawa a kan komi. Ƙararrawar kuwa tana sa wani sashe ya saki sinadarin da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu na da muhimmanci. Mutum biyu na dariya a rumfar mai goro, kai ka wuce abinka. Shi kuwa jikinsa ya gaya masa wannan dariya ba banza ba, sai hankalinsa ya shiga neman dalili, ya tsaya a kan cewa da shi suke. Mu a nan muna karanta farashin masara, shi ya ji saƙo ne aka aiko masa. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma iskanci ba ne, abin da yake ji ke nan. Magungunan da ake bayarwa, tun daga na farkonsu da aka gwada a Faris a 1952, wanda ake sayarwa da sunan Largactil, mafi yawansu rage ƙarfin dofamin ɗin nan suke yi. Shi ya sa ka ga surutan sun lafa.

Yanzu ga tsakiyar tambayarka, watau ko girman sashen na nuna inda ciwon zai dosa. A taron jama'a, i, akwai dangantaka. Likitocin Amurka suna da ƙa'ida: in alamun ba su kai wata shida ba, ba sa kiran ciwon da cikakken sunansa, domin wasu kan warware kafin nan. A 2020 masana a Jami'ar Vanderbilt da ke garin Nashville suka bayyana sakamakon bin wasu matasa har shekara biyu daga farkon ciwonsu. Waɗanda ciwon ya zarce da su, gaban hifokamfas ɗinsu ya riga ya ragu tun ranar awon farko. Waɗanda nasu ya tsaya a gajere, girmansa kamar na masu lafiya. Sai kuma abin da ɗan ƙanenka bai kawo maka ba: a cikin shekara biyun nan da suke kan kulawar likita, ba a ga sashen ya ci gaba da raguwa ba. Wani lissafi na 2012 ma da ya tara bincike masu yawa ya tarar ragin da ke ga sababbin kamu da na waɗanda suka shekara da shekaru da ciwon kusan ɗaya ne. Da a ce gara ce, ai da tsofaffin kamu ba su da saura.

Har ƙaruwa ma an gani. A 2014 aka fitar da sakamakon bin wasu marasa lafiya a Landan na shekara shida. Kimanin uku cikin kowane goma, hifokamfas ɗinsu ya ƙaru dama da hagu, kuma su ne suka fi samun sauƙi, suka fi komawa aiki, riƙon magana a kansu ya fi kyau. Masana na taka-tsantsan a nan, domin san da ya yi ƙiba kuma yake jan garma da kyau, ƙibar ce ta ba shi ƙarfi ko kuwa lafiya ce ta ba shi duka biyun? Ko ma wanne ne, magana ta cewa in ya motse shi ke nan ta faɗi.

Dama wannan sashe ba kamar ƙashi yake ba da ke tsayawa inda ya tsaya. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace tituna kimanin dubu 25 kafin a ba su lasin. A shekarar 2000 aka auna wasunsu, aka tarar bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, wanda ya fi daɗewa a tuƙi ya fi. A 2011 aka bi masu koyo tun daga farko, waɗanda suka ci jarrabawar nasu ya ƙaru. A 2010 kuma a Jamus aka sa wasu 'yan marasa lafiya, su takwas, tuƙa keke na rabin sa'a sau uku a mako har wata uku, aka ce nasu ya ƙaru da kashi 12. Labari ya bazu, amma da wasu suka maimaita da mutane masu yawa, ba su sami irin wannan adadi ba. Ni dai na ce, da keke ke warkar da ciwon nan, da ba a same shi a karkara ba. Abin da ya tabbata shi ne motsa jiki na taimaka wa barci da walwala da rage ƙibar da wasu magungunan ke kawowa.

Akwai binciken da nake so duk mai sauraro ya ji, ko da gidansa lafiya. A 2018 aka bayyana sakamakon auna mutum 71 a birnin Shangai na ƙasar Sin, waɗanda ciwon ya kama karo na farko, kafin a fara ba su magani da kuma bayan mako takwas. Waɗanda suka fi daɗewa da ciwon a gida ba magani, su ne na hagunsu ya fi saurin raguwa. Ba kowane bincike ne ya ga haka a hoto ba, amma ta fuskar samun sauƙi maganar ta daɗe da zama. Tun 2005 da aka tara bincike na ƙasashe da dama aka tarar gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata shidan da kuka yi a gida, Malam, ya riga ya wuce, kuma a lissafin duniya ba ku cikin waɗanda suka fi makara, domin akwai masu yin shekara biyu, uku. Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi ta a hanyar asibiti, a yi ta a gaban gadon asibiti.

To batun sa fa? Kada ka sayar da shi saboda wannan. Ba a Nijeriya kaɗai ba, ko a Landan da Niyok likita ba ya gane sikizofiriniya da hoto, ba ya kuma faɗin makomar mutum da shi. Da zama da marar lafiya da jin bakin 'yan'uwansa ake ganewa. Awon da muka yi ta ambata na masu bincike ne, da kwamfuta ake yinsa a kan ɗaruruwan mutane. In ka kai yaron aka ɗauka, mafi yawa takardar za ta fito ne da cewa ba a ga komi ba, ka dawo ba sa, ba amsa, ga damina ta ƙarato. Hoto yana da ranarsa: in akwai ciwon kai mai tsanani da amai, ko farfaɗiya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko an taɓa buguwa a ka, ko kuwa ruɗewar ta fara wa mutum bayan ya manyanta. A nan likita ke neman hoto don ya tabbatar ba ƙari ko wani rauni ba ne, kuma shi zai faɗa da bakinsa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya kuwa wata magana ce daban, wannan a ranar ake kai mutum asibiti.

Shawara ta biyu ta ɗan ƙanenka, ta daina magani, ita ce mai haɗarin. Wani bincike na 1999 a Niyok ya bi waɗanda suka sami sauƙi daga karon farko. A cikin shekara biyar kimanin takwas cikin goma ciwon ya dawo musu, kuma barin magani ya ninka haɗarin dawowar kusan sau biyar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon ba ya dawowa washegari. Sai a yi wata biyu, uku lafiya, a ce ai ya warke, sa'an nan a wayi gari an koma gidan jiya. Kuɗin da za a kashe a hoto sau ɗaya zai sayi maganin watanni.

Abin da zai nuna maka makomar yaron yana gabanka, ba sai an leƙa cikin kansa ba. Likitoci sun lura cewa wanda dama yana da sana'a da abokai kafin ciwon, wanda ciwon ya zo masa a ɗan lokaci ba a hankali cikin shekaru ba, wanda jikinsa ya karɓi magani a makonnin farko, wanda kuma yake da dangi a tsaye, ya fi samun sauƙi. Daga wasiƙarka na ga da yawa cikin waɗannan. Alkawari dai ba mai yi maka. Wasu kan yi karo ɗaya su wuce, wasu ya riƙa zuwa yana tafiya, wasu kuma su zauna da saura, suna aikinsu da magani kamar mai hawan jini.

Ka bincika a hankali ko yana shan tabar wiwi. A 1987 aka fitar da sakamakon bin samari sama da dubu 45 da suka shiga aikin soja a Suwidin har shekara 15, aka tarar waɗanda suka sha ta fiye da sau 50 haɗarin kamuwarsu ya ninka na marasa sha sau shida. Ga wanda ya riga ya kamu kuwa, tana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwon.

Zaman gida ma magani ne ko guba. Hifokamfas na cikin sassan da suka fi jin sinadarin da jiki ke saki lokacin tsoro da tashin hankali. Likitocin Landan sun nuna tun shekarun 1970 cewa marar lafiyar da ya koma gidan da ake yawan kushe shi da tsangwamarsa, ciwonsa ya fi dawowa fiye da ninki biyu. Balle duka da mari da turu. In ya ce 'yan kasuwa sun haɗa masa kai, kada ku ce haka ne, kada kuma ku tsaya musu da shi har rai ya ɓaci. Ku ce mun ga abin na damunka, muna tare da kai. Wannan dabara ta riƙe marar lafiya cikin dangi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara ta a Aro kusa da Abekuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa, suna karɓar magani suna zaman mutane.

Tun da kuma sashen riƙe sabon abu ne ya raunana, kada ka yi mamaki in ka aike shi da saƙo uku ya dawo da ɗaya, ko lissafin awo ya kuɓuce masa. Kowane malamin aji ya san irin wannan ɗalibi, kuma bulala ba ta taɓa gyara shi ba. Saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita, in ya iya karatu a rubuta masa. Kada a mayar da shi tsakiyar hayaniyar kasuwa yanzu. Ya fara da ba dabbobi abinci, da ɗinkin buhu, da rakiya gona da safe, a ƙara masa a hankali.

Maganin yana da nasa wahalhalu. Wasu kan ji sanƙarewar wuya ko jiki, ko rawar hannu, ko zubar yawu, ko yawan barci, ko su kasa zama wuri ɗaya. In ka ga haka, a koma wa likita, akwai ragi, akwai canji, akwai ƙwayar da ake haɗawa da ita. In shan ƙwaya kullum ya gagara, musamman da damina da kowa ke gona, ka tambayi likita batun allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. In kuwa ka taɓa jin ya ce ya gaji da duniya, ko murya na umartarsa ya cuci kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Mai sauraronmu da ya aiko da tambaya a kan farfaɗiyar yara, wasiƙarka ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.